Rumbu nawa, ƙasa tasu: in saya ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Bauchi, ina kuma noman masara da shinkafa a gonar haya a wajen Dass, kusa da gindin Dutsen Mbula. Kowace kaka kuɗin mota ne ke cinye mini riba. A saman gonar, kan tudu, akwai wani tsohon ɗan ɗaki na dutse da laka, da rumbu biyu a gefensa. Wani dattijo ya ce zai sayar mini da su naira dubu 250, amma ginin kaɗai, don ƙasar ta gidansu ce, ba a sayarwa. Ya ce in yi ta amfani har illa ma sha Allahu. In saya? Daga wani malamin makaranta, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kana iya saye, amma ba a kan wannan magana ta dattijo ba. "Har illa ma sha Allahu" addu'a ce mai kyau, sai dai babu alƙalin da zai iya lissafa ta da shekaru.

Ka fara da tambayar kanka: in gobe aka ce ka tashi, me za ka ɗora a mota? Ƙofa, azara, jinka in ba ta ruɓe ba. Shi ke nan. A tsaunukan Suwizalan akwai tsofaffin rumbunan katako da ake kwancewa gungume bayan gungume a kai wani gari a sake haɗawa, to can mutum zai iya cewa ya sayi gini ban da ƙasa. Namu na laka inda aka gina shi nan zai mutu. Saboda haka abin da kuɗinka zai saya a zahiri shi ne izinin zama a wurin, kuma darajar izinin tana ga tsawonsa. Naira dubu 250 a shekara 10 ta kama dubu 25 duk shekara, sai ka auna da abin da kake ba direbobi. In kuwa bayan damina biyu aka tashe ka, ka yi hayar rumbu mafi tsada a ƙasar Dass.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Shi kansa dattijon haƙƙin riƙewa da amfani gidansu ke da shi. In wurin bai faɗa yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke da ta cewa, kuma sashe na 21 ya hana a miƙa wa wani irin wannan ƙasa, ko da ta hanyar haya ce ko jingina, sai da amincewarta. Mutanenmu sun fi tsayawa a sa hannun mai unguwa ko dagaci. Shaidarsu na da nauyi, kada ka raina ta, amma ba ta maye gurbin hatimin ƙaramar hukuma. Ka haɗa duka biyun.

Sannan akwai wata tsohuwar ƙa'ida da kotunanmu suka gada daga Ingila, wadda ta ce duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ya bi ƙasa. In babu takarda, da ita lauyan magada zai fara jifanka. A fikihun Malikiyya akwai ɗan sassauci. Wanda ya yi gini a ƙasar aro da izini, idan wa'adi ya cika, mai ƙasa na da zaɓi: ko ya ce a rushe a kwashe, ko ya biya ƙimar kayan ginin a rushe. To nawa ne kuɗin tulin laka da duwatsu a kan tudun da duwatsu ke zube ko'ina? Ka ga sassaucin bai kai ka ko'ina ba.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne kalmar "gidansu". A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya ka ga wanda ya sayar ya dawo ya yi musu. Rigima tana tasowa ne bayan rasuwarsa, ranar rabon gado, lokacin da ɗan da ke aiki a Abuja zai dawo ya tambayi wa ya ba baƙo wuri, ko wata ƙanwar marigayin da ba a taɓa shawarta ba ta ce ita ma tana da kaso. Kuma sau da yawa gaskiyarsu ce. In ƙasar gado ce da ba a raba ba, dattijo shi kaɗai ba shi da ikon ɗaure sauran. Ka bincika ma ko ɗakin shi ya gina, ko shi ma tarar da shi ya yi. Ka nemi a tara su, maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In ya fara cewa ai ba sai an tayar da maganar ba, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Takardar kuwa lauya ya rubuta ta, a fito da abu biyu daban: cinikin ginin, da hayar ƙasar da yake kai na shekaru kaza, da ɗan abin da za ka riƙa biya duk shekara ko da buhun masara ɗaya ne, a ba ka rasit. Wannan biyan na shekara yana kwantar wa magada hankali cewa ba ka da niyyar cinye musu wuri, kai kuma yana zame maka hujja. A rubuta cewa mutuwar ɗayanku ba ta warware yarjejeniyar, da abin da za su biya ka in suka buƙaci wurin kafin wa'adi. A ambaci hanya, domin rumbun da ke tsakiyar gonar mutane ba shi da amfani ranar da aka shuka gyaɗa a kan turbar da amalankenka ke bi. In kana da niyyar sa kwano ko yaɓe da siminti, shi ma a rubuta. Haka batun diyya: in gwamnati ta karɓi wurin don aikin jama'a, sashe na 29 na waccan doka ta 1978 ya tanadi biyan gini da amfanin gona, to a fayyace tun yanzu cewa kuɗin ginin naka ne.

Wani abu kuma, tunda gonar da kake nomawa ita ma ta haya ce, kada wa'adin rumbu ya zarce inda kake da tabbacin gona. Kafin ka biya ko sisi, ka tafi da magini ya duba gindin rumbunan saboda gara, ya kuma duba inda ruwan dutse ke gangarowa a watan Agusta. Sannan ka tambayi maƙwabta dalilin da ya sa masu shi suka daina zuba hatsi a ciki. In ɓarayi ne suka kore su, sai ka ƙara kuɗin mai gadi a lissafinka kafin ka taya.