Baba na shan maganin tayirod: me zan saya, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 74, ya daɗe yana shan levothyroxine saboda tayirod ɗinsa, wato halittar nan da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ba ta aiki sosai. Rabonsa da gwajin jini an jima, in magani ya ƙare sai mu sake sayowa kawai. Kwanan nan yana kukan kasala, sai na ga ana tallar wani kafso a intanet wai yana ƙarfafa tayirod. In saya masa, ko in ƙara masa yawan wanda yake sha?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Kada ka yi ko ɗaya. Kuɗin kafson nan ka kashe shi a gwajin jinin da ake kira TSH, ka kai wa likita sakamakon.

Ga dalili. Ƙashin mutum kullum cikin gyara yake, ana rushe tsoho ana ɗora sabo. Levothyroxine sinadarin tayirod ne, in ya yi yawa kuma sai ya hanzarta aikin, masu rusau su fi magina sauri, ƙashi ya riƙa zaizayewa ba tare da ciwo ba. Ranar da dattijo ya zame a banɗaki ne ake ganewa. A 2011 an wallafa wani bincike daga lardin Ontariyo na Kanada kan mutum sama da 200,000 masu shekara 70 zuwa sama da ke shan levothyroxine, aka ga karaya tana ƙaruwa gwargwadon yawan maganin. Mutane na ɗauka raunin ƙashi ciwon mata ne, alhali namiji ɗaya cikin biyar da suka haura 50 zai gamu da irin wannan karaya, kuma in ƙugu ya karye maza sun fi mata mutuwa a shekarar farko. Ga kuma zuciya, wadda yawan sinadarin ke sa ta bugu ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne "sai mu sake sayowa kawai". Adadin da ya dace da Baba shekara goma baya yana iya yi masa yawa yau, musamman in ya rame, don jikin tsoho ba ya saurin ƙarar da maganin. Lambar TSH kuwa a juye take tafiya: in ta yi ƙasa, maganin ya yi yawa ke nan. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. In likita ya sauya adadin, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8.

Shi kuwa kafson, a wani bincike da aka wallafa a 2013, masu binciken sun auna iri 10 na irinsa, suka sami ainihin sinadarin tayirod a cikin 9. Ka ga ashe ƙari za ka yi wa Baba ba da awo ba. Kasala a wannan shekarun kuma tana iya zama ƙarancin jini, suga, ƙoda ko rashin barci, a duba su ma.

Tambaya: Mijina na shan wannan magani, shekararsa 71. Zan saya masa ƙwayar kalsiyam don ƙashinsa, wacce ta fi?

Amsa: Hajiya, kafin wacce ta fi, ki lura da lokacin sha. Kalsiyam da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ayon suna hana hanji tsotse levothyroxine, saboda haka a raba su da aƙalla awa huɗu. Na tayirod da sassafe da ruwa zalla, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kalsiyam kuma da rana ko da dare. Mai tsada da mai araha ba su da wani bambancin a zo a gani in adadin ɗaya ne, sai dai kalsiyam kabonet yana son a sha shi da abinci, sitret kuwa ko ba abinci. In da hali, hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira DXA ya fi kwalba goma amfani, kuma ana ba da shawararsa ga maza daga shekara 70. Da shi za a san ko Alhaji na buƙatar maganin ƙashi na gaske.

Tambaya: Shekarata 78, TSH ɗina ya nuna 6, sauran gwajin lafiya lau. In fara magani?

Amsa: Baba, a bi a hankali. TSH kan ɗan hau da tsufa, kuma sau da yawa yakan sauko da kansa. Gwajin TRUST da aka wallafa a 2017, kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama da ke da irin wannan ƙaramin hawa, bai nuna maganin ya rage musu gajiya ba. Ku maimaita gwajin bayan wata biyu ko uku tukuna, likita ya yanke hukunci. In kuna shan ƙwayar bitamin da ake kira bayotin, ku dakatar da ita kwana biyu kafin a ɗebi jinin, don tana rikita sakamako.