Amsa ga ƙanwarmu da aka hana maigidanta bizar Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce ku uku kuka nemi bizar ziyara zuwa Ingila wurin yayarki da ke Birmingham wadda za ta haihu, ke da yaronki mai shekara ɗaya da wata goma an ba ku, maigida kuma an hana shi, ga shi kin yi niyyar wata uku, kina tambaya ki tafi ke kaɗai da yaro ko ki fasa. Ni ma daga Birnin Kebbi nake kuma irin wannan ta taɓa samuna da ɗiyata tana goye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki da kyau.

Ra'ayina shi ne in dai maigida ya yarda har cikin ransa, ki tafi. Amma kafin ki sayi ko safa ɗaya ki ɗauko bizar yaron ki karanta abin da aka rubuta a kai. Bizar yara ta Ingila sau da yawa tana zuwa da sunan babban da zai raka yaro, mutum ɗaya ko biyu, kuma ba ta aiki sai yaron yana tare da ɗaya daga cikinsu. To in ejan ɗin da ya cika muku fom sunan baban kaɗai ya sa, kin ga akwai matsala babba, don ana iya hana ku hawa jirgi tun daga Abuja ko a mayar da ku daga can bayan kin sha wahalar hanya. In sunanki na ciki alhamdulillahi. In babu, sai an sake nema wa yaron, kar wani ya ce miki "ai ba sa dubawa", wallahi suna dubawa.

Sai takardar amincewar uba. Mu nan mace ba ta ɗaukar sunan miji, sunan babanki ne a fasfonki, yaro kuma sunan nasa baban, to jami'in da bai san al'adarmu ba me zai gani? Mace da yaro, suna bai haɗu ba, uba ba ya nan. Dole ya yi tambaya, kuma aikinsa ne saboda masu safarar yara, ko a filin jirginmu ma akwai jami'an shige da fice da na NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, da ke lura da haka. Maigida ya rubuta da Turanci cewa shi ne uban yaro, ya amince ki tafi da shi, daga rana kaza zuwa rana kaza, adireshin inda za ku sauka, lambar fasfonki da ta yaro da lambar wayarsa, ya sa hannu, a kai babbar kotu ko wurin lauya mai hatimi a buga mata tambari. Ki haɗa da kwafin shafin hoton fasfonsa, da takardar haihuwar yaro ta Hukumar Ƙidaya, ba katin asibiti ba, da takardar aurenku in akwai, da wasiƙar gayyatar yayarki da tikitin dawowa. Duka a leda ɗaya cikin jakar hannu, kar ki kuskura ki sa su a akwatin da za a auna.

Ni da muka sauka Landan jami'ar da ke duba fasfo ta kalli fasfo biyun ta ɗago ta kalle ni ta ce ina babanta? Na ce yana Najeriya, mun nema tare ba a ba shi ba. Ta ce ya san kin taho da ita? Na miƙa mata takardar kotu da ta haihuwa, ta bi layin da aka rubuta sunan uwa da yatsa, ta tambayi yaushe zan koma, shi ke nan ta miƙo min fasfo. Ki faɗi gaskiya kawai, suna ganin komai a kwamfuta, kar ki ce wai aiki ne ya riƙe shi. Kuma ranar ki ce wa maigida wayarsa ta zauna a kunne da caji har sai kun fita, ana iya kiransa.

Wani abu da zan ja hankalinki a kai, in a fom kun rubuta cewa maigida ne zai ɗauki nauyin kuɗin tafiya, to ki riƙe shaidar cewa har yanzu akwai kuɗin da za ku ci, ko nasa ko na yayarki. Kuma bizar ziyara ba ta aiki ba ce, in an tambaye ki ki ce kin zo ganin 'yar'uwarki da jaririnta, wanda shi ne gaskiya.

Maganar muharrami na ga wasu sun fara yi miki a ƙarƙashin tambayarki, har da masu zafin baki. Wannan magana ce ta malamai kuma akwai saɓani a cikinta, ki je ke da maigida wurin malamin da kuka yarda da iliminsa ku faɗa masa yadda tafiyar take. Mu yadda muka yi, maigida ya raka ni har ƙofar shiga a Abuja, yayana kuma yana tsaye yana jira a can.

Yanzu maigida. Ƙanwata wannan wurin ki bi a hankali, don namiji ba zai ce miki abin ya yi masa ciwo ba, amma ya yi. Ya kashe kuɗin da ba a mayarwa, ya faɗa wa abokai zai yi tafiya, sai ga matarsa da ɗansa an ba su shi an hana. Nawa maigidan kwana ya yi bai ci abincin kirki ba, yana ta cewa ba komai ba komai. Kar ki yi ta murna da haɗa kaya a gabansa, kar ki ta ɗora hotuna a sitatus. Ki zauna da shi bayan isha yaro ya yi barci ki tambaye shi tsakani da Allah, in ya ce ki fasa ki fasa, yawanci bizar wata shida ce, wataƙila ya sauko daga baya. Kuma ki bar shi shi ya faɗa wa Hajiyarsa da bakinsa, sannan ki je da kanki ki yi mata sallama da jikanta, in ba haka ba kina can za ki ji ana cewa kin ɗauke musu ɗa kin tafi ƙasar Turawa. Ki faɗi ranar dawowa a gabansu ki kuma cika.

Hanya kuma, in da hali ki bi jirgi daga Birnin Kebbi ko Sakkwato zuwa Abuja ki kwana ɗaya ki huta, kar ki haɗa doguwar mota da jirgin dare rana ɗaya, yaro zai galabaita ke ma haka. Daga Abuja akwai mai tafiya kai tsaye Landan, wajen awa shida da wani abu, ya fi tsada amma ke kaɗai da yaro ya fi miki kwanciyar hankali. Masu yada zango a Alkahira ko Adis Ababa ko Istanbul ko Doha sun fi sauƙin kuɗi, in shi za ki bi ki zaɓi wanda jiran bai gaza awa biyu zuwa uku ba, don filayen nan manya ne, ga goyo ga jaka ga canjin fanfas. Sannan ki lura da wannan sosai: yaro ƙasa da shekara 2 a cinya yake zama kuma kuɗinsa kaɗan ne, amma naki zai cika shekara 2 kuna can, to a dawowa sai an tanadar masa kujerarsa. Ki faɗa wa mai yanka tikiti tun yanzu.

Zanin goyo ya fi min keken tura yaro amfani nesa ba kusa ba, hannuwana biyu a sake, sai dai wurin bincike za su iya cewa ki sauke shi. Jakar hannu ɗaya ta baya, fanfas fiye da yadda kike zato, kayan canji nasa da naki ma don amai ba ya sallama, suwaita da hula da safa saboda cikin jirgi kansa akwai sanyi. Dokar ruwa mil 100 ba ta hana madara da abincin jariri, ki fito da su ki nuna. Lokacin tashi da sauka ki ba shi nono ko fida ya yi ta tsotsa, shi ke hana ciwon kunnen da ke sa su ihu. Don Allah kar ki ba shi maganin barci wai don ya yi shiru, na san ana ba da wannan shawara kuma ba ta da kyau, farasitamol ɗinsa kawai ki riƙe. In ya yi kuka ya yi, ki tashi ki zaga da shi. In za ki shiga bayi ki roƙi ma'aikaciyar jirgi ta riƙe miki shi, suna yi, amma kar ki karɓi kayan kowa a filin jirgi ko da Bahaushe ne ya yi miki sallama ya ce saƙo ne.

Tsaraba, na san sai an cika ki da ita. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Ingila, nama da kayan nono an hana, za a ƙwace. Busasshen kifi an yarda har kilo 20 ga mutum, ni na tafi da na Yawuri da kuka da yaji a ɗaure da kyau ba wanda ya hana ni.

In kun isa, yayarki ta nemo kujerar mota ta yara kafin su zo ɗaukarku, doka ce can. Ki yanki inshorar lafiya kafin ki tashi, don mai ziyara in aka kwantar da shi asibiti kuɗi ne mai yawa, ga yaranmu da canjin yanayi ke saurin kamawa. Ki sa likita ya duba yaron tun nan ko akwai maleriya a jikinsa, in kuma zazzaɓi ya taso can ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta can, ki faɗa musu daga Najeriya kuka zo. Kar ki bar shi shi kaɗai a gida ko na minti biyar, can ba kamar unguwarmu ba ce da maƙwabciya za ta leƙo miki.

Shi kuma maigida kar ya yi saurin sake nema da takardun da aka ƙi. Bizar ziyara ba a ɗaukaka ƙara a kanta, sabon nema ake yi da sabon kuɗi, kuma wasiƙar hanawa ta faɗi dalili, ya sa mai ilimi ya karanta masa layi layi. 'Yan kasuwarmu abin da ya fi kayar da su shi ne akawun ɗin banki, mutum na juya miliyoyi a shinkafa ko albasar Aliero amma duk a hannu, sai dab da nema ya ranto kuɗi ya zuba lokaci ɗaya, su kuma su ce ba su san tushen kuɗin ba. Ya riƙa bin da cinikinsa ta banki na wasu watanni, ya yi rajistar kasuwancinsa, ya adana rasidai. In ya zo cika sabon fom akwai inda ake tambaya ko an taɓa hana ka, ya ce e, don ɓoyewa na iya ja masa hani har na shekara 10, kuma ya karanta duk abin da ejan ya rubuta kafin a tura. Ke kuma ki dawo ranar da kuka rubuta ko da bizar ba ta ƙare ba, don in ya sake nema za su duba yadda matarsa ta yi da tata.

Allah ya sauki yayarki lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.