Ga ɗan'uwan da tsuntsaye suka ƙaurace wa lambunsa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ruwa da hatsi suna nan kamar kullum, amma tsada da kurciya da marai sun ɗauke ƙafa, ga kuma ƙudan zuma kana tsinta a mace a gindin furanni. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ciwon nan na san shi.

Ka fara da ƙudan zuman, su ne za su gaya maka gaskiya. Ɗauki ɗaya ka duba. In harshensa ya zazzago waje, ƙafafu sun naɗe, masu sauran rai kuma suna karkarwa suna juyi a ƙasa sun kasa tashi, to alamar guba ce. Mai yiwuwa wani ya yi feshin maganin ƙwari kusa da kai. Kuma ba sai a makwabcinka na katanga ba, ƙudan zuma na tafiyar kilomita biyu ko uku neman abinci, ya kwaso ya dawo ya mutu a wurinka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake feshin. Mutum ya goya famfo da hantsi, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙwari suka cika shi, iska na kaɗawa, bai auna ba, sai ma ya ninka wai don ya fi ci. Ka yi masa magana ya ce ai ƙwari ne, mene ne amfaninsu. Alhali ƙwarin nan su ke barbarar furen da yake jiran ya ba shi 'ya'ya. Kwana biyu sai wuri ya yi tsit, babu malam-buɗe-littafi, babu ƙoƙi-ƙoƙi, hatta kukan tsanya da dare ya ɗauke. Wanda bai saba zama yana kallonsu ba ba zai gane zafin abin ba. Wasu magungunan ma ba a kan ganye suke tsayawa ba, shuka ce ke shanye su har su fito a ruwan fure. Irin su imidacloprid kenan, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma. Ka karanta jikin kwalba in ka samu dama.

Tsuntsayen kuma ƙwarin suka bi. Ko masu cin hatsi irin marai da gwara, da tsutsa da ƙananan fara suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa. In babu ƙwari, ko buhu ka zuba ba za su zauna ba. Kuma don Allah ka duba hatsin naka. In irin shuka ne mai launin ja ko shuɗi a jiki, an cuɗe shi da magani, kada ka kuskura ka ba su.

Da mai feshin, kar ka je da faɗa, ba ya haifar da ɗa mai ido. Roƙe shi abu uku: ya bari sai yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma, ya guji shukar da ke cikin fure, kuma ya sanar da kai ka kife mazubin ruwanka a ranar. In darɓa ce ke damunsa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya na ruwa ya wadatar, a fesa a ƙarƙashin ganye.

Batun ruwan ma akwai gyara. Zurfinsa kada ya wuce santimita biyar, gefe kuma ya zama santimita biyu kawai. Sa duwatsu su ɗan fito sama, don tsada ta taka, ƙudan zuma kuma ya sha bai nutse ba. Kullum a zubar a sake, don sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kamar mako guda. Sau ɗaya a mako a wanke da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a ɗauraye sosai a shanya a rana. In ka ga kurciya ta kumbura gashi, bakinta jiƙe, tana ƙoƙarin haɗiya ta kasa, cutar maƙogwaro ce da ke yaɗuwa ta ruwa da mazubin abinci. Kwashe komai na mako biyu zuwa uku su watse. Da wuya a zuciya, amma shi ne ceto.

Kyanwa fa? Ba ka ambata ba. Mazubi ya zama sama da ƙasa, da tazarar kamar mita biyu zuwa uku daga duhuwa, yadda tsuntsu zai samu wurin gudu amma kyanwa ba ta samu wurin laɓewa ba.

Ka bar wata kusurwa kada ka share, busasshen ganye da ciyawa da ɓantaren itace su zauna, nan ƙwari ke fara dawowa. Fitilar waje ma a kashe ta da dare in ba dole, tana jawo ƙwari su yi ta zagaye har su mutu. Sannan ka fito da sassafe ka zauna wuri guda, ba farar riga, ba motsi, ka rubuta abin da ya zo da lokacin. Wasu tsuntsayen dama masu bin damina ne, kamar shamuwa, tafiyarsu ba laifin kowa ba ne. Ka turo mana hoton ƙudan zuman da na hatsin mu gani. Allah Ya dawo maka da su.