Tambaya da Amsa: Batirin Na'urar Rubutun Makafi Yana Saurin Mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai lalurar gani, ina karatu a wata kwaleji a Sakkwato. Shekara biyu ke nan da aka ba ni na'urar hannu mai fitar da rubutun Braille, wadda nake rubuta darasi da ita, nake kuma haɗa ta da wayata. Da farko caji ɗaya yakan kai ni kwana biyu, amma yanzu kafin azahar ta mutu. Yayana ya ce in riƙa barin ta ta mutu gaba ɗaya kafin in sa mata caji, wai hakan ne ke sa batir ya daɗe. Shin gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gane lafiyar batirin alhali ba na ganin fitilarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shawarar yayanki tana da asali, sai dai zamaninta ya wuce. Batiran nikel da aka yi amfani da su a na'urori da yawa na shekarun 1980 da 1990 su ne ake ƙararwa kafin a sake caji. Na'urorin yau kuwa galibinsu batirin litiyom ke cikinsu, irin na wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma shi ƙararwa ƙurmus a kai a kai cutar da shi take yi. Abin da ya fi masa shi ne ki sa caji idan ya sauko kusan kashi 20 cikin ɗari, ki cire idan ya cika ko ya kusa cika, kada ki bar shi a jone dare da rana.

Irin wannan batir yakan ɗauki cikakken caji tsakanin sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Idan kina caji duk bayan kwana biyu, a shekara biyu kin yi kusan 365, saboda haka raguwa ba abin mamaki ba ce. Amma daga kwana biyu zuwa rabin yini faɗuwa ce mai yawa, kuma ina kyautata zaton zafi ne ya gaggauta ta. Ba a so a yi wa batirin litiyom caji idan zafinsa ya haura digiri 45, ga shi kuwa a Sakkwato, a watan Afrilu, ko a inuwa zafi yakan wuce digiri 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Na'urar da ke caji a cikin jaka ko ƙarƙashin matashin kai tana dafuwa ne a hankali. Ki riƙa caji da daddare ko da asuba, a kan tebur ko daɓen siminti inda iska ke ratsawa. Idan wutar janareta kike samu, ki cika fawa banki da ita, sannan ki ba na'urar daga gare shi, in dai tana karɓar caji ta USB.

Game da sa ido kuwa, yatsunki sun isa. Yawancin waɗannan na'urori suna nuna adadin caji da rubutun Braille a jerin saitunansu, don haka ki nemi wurin ki haddace shi. Sau ɗaya a wata ki cika batirin, ki rubuta awa nawa ya yi kafin ya sauko kashi 20. Bayan wata uku za ki ga ko raguwar tana tafiya a hankali ne ko da gudu. Sannan ki ɗora na'urar a kan tebur mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, ki danna kusurwoyinta huɗu ɗaya bayan ɗaya. Idan tana rawa alhali da can ba ta yi, ko kika ji bakin murfin bayanta ya ɗan buɗe har farce na shiga, batirin ya kumbura. Haka nan idan ta yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa, ko kika ji wari mai kama da na man goge farce. A wannan hali ki cire caji nan take, kada a huda batirin, kada kuma a jefa shi a bola, domin ana ƙona bola kuma yana iya fashewa.

Idan za ki ajiye ta lokacin hutu, ki bar ta da kusan rabin caji a kashe, ki duba ta duk wata. Kashe Bluetooth idan ba ki haɗa da waya ba yana ƙara mata awanni.

A ganina batirinki ya kai lokacin sauyawa. Wasu na'urori, kamar Orbit Reader 20, an yi su ne yadda mai su zai iya sauya batir, wasu kuwa sai wakilin kamfani. Ina roƙonki kada ki yarda mai gyaran waya ya cusa mata kowane batir don kawai ya shiga gurbin, domin ƙwayoyin da ke ɗago ɗigon rubutun su ne mafi tsada a cikinta. Ki koma wa waɗanda suka ba ki ita da lambar samfurinta, kuma kafin a buɗe ta ki kwafe darussanki zuwa katin ajiya ko wayarki.