In na bar gida sai kyamara ta makance

Tambaya: Malam, barka da aiki. A Ƙofar Marusa nake cikin Katsina, amma rabin wata a Kano nake yin sa wajen sarin atamfa a Kantin Kwari. Na sa kyamarar tsaro a gida. In ina nan, komai ina gani a waya. Kafin in kai tasha hoto ya ɗauke. Wani yaro ya ce sai an buɗe mata hanya a cikin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ta WiFi. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, ina kyautata zaton kyamararka ba ta taɓa hawa intanet ba. Ƙananan kyamarorin nan masu manhajar V380 suna da ɗan WiFi nasu, wayarka da shi take haɗuwa, shi kuwa da ƙyar yake wuce zaure. Wasu kuma da datar wayarsu suke jona ta, su sa wayar a aljihu su tafi da intanet ɗin.

Sai ka ajiye rauta mai layi a gidan. Ka danna ɗan maɓallin da ke mayar da kyamarar sabuwa, ka buɗe manhajarta, ka ɗauki lambar QR da ke jikinta, ka zaɓi WiFi na rautar. Ka lura, yawancin kyamarorin nan nau'in WiFi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Kafin ka sallami mai haɗawa, kashe WiFi na wayarka ka gwada da data. In hoto ya fito, zai fito a Kwari.

Maganar yaron nan bar ta. Layukan waya sukan tara jama'a da yawa a kan adireshin intanet guda, saboda haka buɗe hanyar ba kasafai yake aiki ba, in ma ya yi, ka buɗe wa kowa ne.

Wuta fa? Na sha zuwa gyaran kyamarar da lafiyarta ƙalau, rauta ce ta mutu da aka ɗauke wuta. Ka sa su biyun a kan sola ko ƙaramin batir. Data ma tana tafiya: hoto mai gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin kusan MB 450 a awa, a gida da kuma wayarka. Sa katin memori ta riƙa naɗa, kai kuma ka riƙa leƙawa jefi-jefi.

Lambar sirri kuwa, canza ta da hannunka bayan mai haɗawa ya tafi. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci don kawai masu su sun bar irin su admin da 12345. Ni dai ba na yarda a kafa kyamara tana kallon tsakar gida, inda Hajiya ke harkokinta ba mayafi. Juya ta ƙofar gida da bayan katanga, kuma ka shaida wa iyali inda take kallo.