Haidarabad: Yadda Garin Ya Kasu da Abin da Ke Kawo Masa Kuɗi

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Haidarabad ta ƙasar Indiya. Wane irin gari ne, kuma da me mutanensa suke ci? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Ki ce masa ya fara sanin kogin Musi, don shi ya raba garin. Kudu da kogin nan ne tsohon birni, wanda Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ya kafa a 1591, ya gina Charminar a tsakiyarsa, gini mai hasumiya huɗu da manyan hanyoyi suka taso daga gindinsa. Dab da shi akwai Masallacin Makka, wanda gininsa ya ɗauki shekaru da dama, sai bayan Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya ci ƙasar da yaƙi a 1687 aka kammala shi. A gefe kuma kasuwar Laad Bazaar ce, inda amare ke sayen awarwaro, ga masu sayar da lu'ulu'u da garin ya yi suna da shi. Can yamma a kan dutse ganuwar Golkonda take, fadar sarakunan kafin a kafa birnin, kuma tsohuwar kasuwar daimon.

A arewa, tafkin Hussain Sagar ne tsakanin Haidarabad da Sikandarabad, barikin sojan Ingila a zamanin sarakunan Nizam, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1948.

Kuɗin yau dai yammacin garin suka koma. A unguwannin HITEC City da Gachibowli kamfanoni irin su Microsoft, Google da Amazon suka kafa manyan ofisoshi. Amma abin da ya shafi ɗanki shi ne magani: kamfanin magunguna na Dr. Reddy's a garin yake, haka Bharat Biotech da ya yi rigakafin korona na Covaxin, a yankin Genome Valley. Ya faɗa gidan sana'arsa ke nan. Akwai kuma harkar finafinan harshen Telugu.

Abin da ke damuna shi ne an bar tsohon birni baya, tituna a cushe, kogin Musi ya ƙazantu, alhali nan ne tushen garin. Kada ya tare a unguwar benaye ya ce ya san Haidarabad.

Tun 2014 garin ne babban birnin jihar Telangana. Telugu da Urdu ake ji a kasuwa, Musulmi na da yawa, don haka masallaci da abincin halal ba za su yi masa wuya ba.