Amsa ga ƙaninmu mai son fara haɗa kiɗa a laftof

Salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce kana Pantami, kana da laftof da ɗan kuɗin da ka tara, kana son fara haɗa kiɗa, wai ka fara sayen makirufo da sawun-kad (na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta) ne ko ka tsaya ka koyi ilimin kiɗa tukuna. Ni ma nan Gombe nake, Jekadafari, kuma na kwana biyu a harkar nan, to bari in gaya maka abin da na gani.

Ka riƙe kuɗinka tukuna. Laftof ɗin nan da hedifon sun ishe ka watannin farko, kunnenka ne yake buƙatar aiki.

Ilimin kiɗan da mutane ke jin tsoro, abin da kake buƙata a farko bai da yawa wallahi. Ka buɗe fiyano ko da na waya ne, za ka ga maɓallai 12 ne suke ta maimaita kansu, 7 farare 5 baƙaƙe. To ka bar fararen, ka riƙa taɓa baƙaƙen nan biyar kawai kana hawa kana sauka, za ka ji wani abu kamar ka san shi tun kana yaro, saboda yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, na goge da na gurmi har waƙar da iyayenmu mata ke yi wajen daka. Ka yi sati biyu kana rera duk waƙar da ta zo bakinka kana nemo ta a kan fiyanon da kanka ba tare da wani ya nuna maka ba, nan ne za ka gane abin da ake kira kii, wato sautin da waƙa take komawa ta huta a kansa. In ba ka san kii ba ko Auto-Tune ka sa, wato manhajar da ke daidaita murya da kii, sai ya ja muryar mawaƙi zuwa inda bai nufa ba, shi ya sa kake jin wasu waƙoƙin muryar tana karkarwa kamar za ta tsinke.

Sai abin da ba za ka samu a bidiyon Turawa na YouTube ba, kuma shi ne ya fi damuna. Hausa tana da karin sauti, kalma tana hawa tana sauka. Ka faɗi wuya ta wahala, ka faɗi wuya na jiki, ka saurari bakinka, ta farko daga ƙasa take hawa sama, na biyu daga sama yake sauka. Akwai wata yarinya da ta zo ɗaukar waƙar biki wajena, na riga na haɗa kiɗan na ba ta karin da za ta bi, a baitin akwai na sha wuya, amma karin nawa saukowa yake daidai wajen, duk wanda ya ji sai ya ce wani abu bai zauna ba kuma ba su san mene ne ba. Kwana biyu ina juya mikisin, wato daidaita murya da kiɗa, ina rage eko ina ƙarawa, ashe matsalar tun daga karin ce. Wani dattijo mai kalangu da muke zama da shi ya saurara sau ɗaya ya ce yaro kiɗanka yana faɗa da maganar. Shi kalangu ai magana yake, ana matse tsirkiya a hammata sauti ya hau a sake ya sauka, bin kalma yake yi. Tun ranar sai mawaƙi ya karanta mini baiti kamar yana hira kafin in taɓa fiyano. In kana da makaɗi a unguwarku ka je ka zauna wajensa, ka ɗauki kiɗansa a waya, ka dawo ka gwada jera shi a kwamfuta, za ka tarar da yawa bugu uku-uku yake tafiya, irin wanda ake rubutawa 6/8, ba huɗu-huɗun da manhajar haɗa kiɗa ke buɗewa da shi ba.

Maganar manhaja, FL Studio mafi yawanmu muke amfani da shi, na gwaji yana bari ka yi sebin amma ba zai sake buɗe maka aikin ba sai ka saya. Reaper yana ba da kwana 60 na gwaji, Audacity kyauta ne in ɗaukar murya kawai za ka yi. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai.

In lokacin sayen kaya ya yi, don Allah ka duba ɗakinka kafin ka duba makirufo. Ni makirufo irin wanda ake kira kondensa na fara saya, ga shi sai da wutar 48V daga sawun-kad yake aiki, kuma komai yake kwasowa, janareton maƙwabci, Keke Napep a titi, har fanka. Mai irin ɗakinmu gara ya fara da dainamik, wato makirufon da bai cika kwaso hayaniyar nesa ba, irin Shure SM58, ya jingina katifa a bango ya rataya bargo mai kauri a bayan mawaƙi. Ka saita manhajar ta ɗauka a 24 bit, kar muryar ta wuce tsakanin -12 da -6 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ta taɓa jan da ke ƙarshen ma'aunin ta fashe kenan ba gyara. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya, wato sauti mai kauri sosai, gurnanin wutarmu a 50 Hz yake, kuma sau da yawa in ka zare cajar laftof lokacin ɗauka sai ka ji ya ɗauke.

Yanzu dai ka fara da baƙaƙen maɓallan nan. In ka nemo waƙa uku da kunnenka ka turo mana nan mu ji, in Allah ya yarda zan gaya maka kii ɗin kowacce mu gani ko mun dace.